Karatun Aikin Jinya ga Mata Baƙaƙen Fata a Amurka a Zamanin Wariyar Launin Fata

Bayan an haramta bauta a Amurka a 1865, makarantun koyon aikin jinya sun ci gaba da rufe ƙofa ga mata baƙaƙen fata, musamman a jihohin kudu inda doka ta raba asibiti da makaranta bisa launin fata. A arewa ma sai a ɗauki ɗaya ko biyu. Mary Eliza Mahoney ta samu shiga makarantar wani asibitin mata da yara a Boston, ta kammala a 1879, ta zama nas baƙar fata ta farko mai takardar shaida a ƙasar.

Da hanya ta toshe, aka kafa makarantun jinya na baƙaƙen fata. Makarantar Spelman da ke Atlanta ta buɗe sashen jinya a 1886. A Chicago, hana wata baƙar fata mai suna Emma Reynolds gurbin karatu ne ya sa likita Daniel Hale Williams ya kafa asibitin Provident da makarantarsa a 1891. Makarantar Tuskegee ta biyo baya a 1892, asibitin Freedmen's na Washington a 1894, makarantar Lincoln a New York a 1898. Kuɗi ya yi wa yawancinsu ƙaranci, don haka ɗalibai ne ke ɗauke da asibitin: wankan marasa lafiya, shara, wanki, kwanan aiki, wani lokaci a tura su jinya gidajen mutane kuɗin ya shiga asusun asibiti. Abin takaici, bayan wannan wahala sai ƙungiyoyin nas-nas na jihohin kudu su ƙi yi musu rajista.

Wannan ya sa a 1908 Martha Franklin da Adah Thoms da Mahoney suka kafa ƙungiyar nas-nas baƙaƙen fata ta ƙasa. A yaƙin duniya na biyu sojan ƙasa ya fara da ƙayyade musu gurbi 56 kacal. Sakatariyar ƙungiyar, Mabel Staupers, ta yi tsayin daka har aka soke ƙayyadewar a Janairun 1945. Babbar ƙungiyar nas-nas ta Amurka ta buɗe musu ƙofa a 1948, su kuma suka rushe tasu a 1951.

Cuɗanyar baƙaƙe da fararen fata a fagen jinya ta ci makarantun da suka raini nas-nas baƙaƙen fata: Lincoln ta rufe a 1961, ta Freedmen's a 1973.