Daga Katakon Shizuoka Zuwa Tankar Tafin Hannu

Yau za mu leƙa ƙasar Japan domin tarihin wata sana'a da kan yi kama da wasan yara, alhali manya ne ke ƙarar da watanni a kanta: haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi, wanda ba ya barin ko ƙusa guda ta tankar asali.

Birnin Shizuoka ya daɗe da suna wajen aikin katako, tun zamanin sarautar Tokugawa, lokacin da aka tara gwanayen masassaƙa domin gina wurin bauta na Sengen, da yawansu kuma suka zauna. A 1946, shekara guda bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, Yoshio Tamiya ya buɗe wurin yankan katako a wannan birni, daga baya ya koma sassaƙa ƙananan jiragen ruwa da na sama. Da samfuran roba na ƙasashen waje suka cika kasuwa, katako ya rasa masu saye. Kamfanin ya gwada roba a 1960 da jirgin yaƙin Yamato, ciniki bai yi ba.

Tankar Jamus mai suna Panther ce ta fitar da su kunya a farkon shekarun 1960. An zaɓe ta ne saboda jikinta miƙaƙƙe ne, mai sauƙin zubawa. Girmanta kuwa, an auna shi daidai yadda cikinta zai ɗauki ɗan inji da batir biyu. Da aka kwatanta da ta gaske, sai aka tarar kashi 1 ne cikin 35. Awon da wurin batir ya haifar shi ne har gobe mafi yawan masu wannan sana'a ke bi a duniya.

Ɗansa Shunsaku Tamiya, wanda ya rasu a 2025, bai yarda da hoto kaɗai ba. Ya riƙa zuwa wuraren adana tankoki, irin su Aberdeen a Amurka da Bovington a Ingila, yana aunawa da hannunsa, domin gani ya kori ji.

Mu dubi aikin kansa. Panther ta gaske ta fara shiga fage a Kursk a 1943, nauyinta kusan tan 45, tsawonta da bindiga ya doshi mita 9. Samfurinta bai wuce santimita 25 ba. Mai haɗawa zai yanko kowane gutsure, ya kankare, ya liƙa da gam. A wasu samfuran, sarƙar ƙafa kaɗai tana da haɗi fiye da 80 a kowane gefe, ɗaya bayan ɗaya ake jera su. Sannan dole ya san tarihi. Daga 1943 Jamusawa kan shafe tankokinsu da wani kwaɓi mai suna Zimmerit don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, suka daina a Satumban 1944. Wanda ya shafa shi a kan tankar da aka ƙera bayan wannan wata, masana za su gane da kallo ɗaya.

A shekarun 1970, Sheperd Paine na Amurka da François Verlinden na Beljiyam suka yaɗa wani salo: a tsufar da fenti, a sa ƙura da tsatsa da taɓo, tanka ta fito tamkar daga fagen fama take.

Nan ne labarin ya taɓo mu. Tsatsar da gwani ke zanawa da buroshi, 'yan uwanmu na Chadi sun san ta gaske. A Janairun 1987, a Fada, dakarun Chadi bisa motocin Toyota suka ragargaza tankokin T-55 na Libiya, gawarwakin ƙarfen kuma suka yi shekaru a kwance cikin rairayi. Irin wannan T-55 ma ana sayar da ita a kwali, kashi 1 cikin 35.

Samfuri kan adana awon ƙarfe da launinsa, amma matasa huɗun da ke zama cikin kowace T-55, da iyayen da suka jira su, ba sa cikin kwalin. Idan muka yaba hannun gwani, mu tuna da su. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.