Finafinan Soyayya da Raha: Daga Amurka Zuwa Ƙasar Hausa

Fim ɗin soyayya da raha shi ne wanda saurayi da budurwa ke farawa da gardama da baƙar magana, su ƙare da aure, mai kallo yana ta dariya a tsakani. Salon ya kafu a Hollywood ta Amurka a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, jama'a na neman abin ɗebe kewa. Fitaccen misalinsa shi ne It Happened One Night na Frank Capra, wanda ya fito a 1934 ya cinye manyan kyaututtukan Oscar guda 5. 'Yar attajiri ce ta gudu daga hannun mahaifinta, ta gamu da ɗan jarida marar ko sisi a motar haya.

A shekarar ce aka tsaurara dokar tace finafinai ta Hays, wadda ta hana nuna tsiraici da doguwar sumba. Dole marubuta suka mayar da soyayya cikin zance, da harara, da zolaya irin ta taubasai. A fim ɗin Capra, da kwana ya kama su a ɗaki ɗaya, sai namijin ya ɗaura igiya ya rataya bargo tsakanin gadajensu. Wannan kawaicin ne ya ba salon daɗinsa, kuma shi ya sa ya iya shiga ƙasashen da ake ganin girman kunya.

Bahaushe bai karɓe shi kai tsaye daga Amurka ba, ta Indiya ya biyo. An sake labarin Capra a Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis a 1956, aka kuma maimaita shi a 1991 da Aamir Khan. A Kano, inda aka buɗe sinimar Rex a 1937 da Palace a 1952, 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa kawo finafinan Indiya. Masu kallo suka ga abin da suka sani a gida: auren dole, iyaye masu faɗa a ji, masoya suna waƙa.

Finafinan Hausa na kaset sun fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya sa waƙa da rawa suka zauna daram a fim ɗin soyayya. Sai dai a Kannywood an raba abin gida biyu: soyayya ta fi karkata ga kishi da hawaye, dariya kuma aka bar wa 'yan camama irin su marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. An yi asara a nan, domin zancen dandali da wasan taubasantaka cike suke da rahar da ta ishi marubuci.

Ta fuskar wurin kallo kuwa, a Zamfara an rufe gidajen sinima bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Karkarar Anka da Gummi da Bukkuyum, har da garuruwa irin Gwashi, dama ta fi sanin fim ta gidan kallo mai janareto, da kaset, sannan faifai. Yau a waya ake tura shi, na Kano da fassarar Indiya ta Algaita.