Hotunan da Aka Zaɓa, da Matafiyan da Suka Bi ta Gazawa

Akwai wani shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek: Enterprise, wanda aka fara nunawa a watan Satumba na 2001, aka rufe shi a 2005 bayan kashi 98. Ƙagaggen labarin kimiyya ne: wai a shekarar 2151 'yan Adam sun ƙera jirgin da ke ratsa taurari, suna zuwa suna gaisawa da halittun wasu duniyoyi. Labarin kansa bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mabuɗin shirin, wato hotunan nan da ake jerowa tare da waƙa kafin a shiga labari, ana rubuta sunayen 'yan wasa a kansu. Ba su kai minti biyu ba, amma darasin tarihi ne sukutum. Kuma tun da fina-finai suka koma cikin wayar hannu, irin wannan darasi yaranmu suka fi haddacewa, ba na allo ba.

An fara da tsofaffin taswirori da jiragen ruwa irin na da, masu tafiya da ƙarfin iska. Sai balan-balan mai ɗaukar mutane. Sai jirgin 'yan'uwan nan biyu, su Wright, wanda ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903 ya yi daƙiƙa 12 kacal a sama. Ga jirgin Charles Lindbergh da ya tsallaka teku daga New York zuwa Paris shi kaɗai a 1927, ga Amelia Earhart, ga Chuck Yeager da ya fara wuce saurin sauti a 1947, ga ɗan sama-jannati Alan Shepard, ga sawun takalmi a kan duniyar wata, ga 'yar motar nan da aka sauke a duniyar Mars a 1997. Daga nan, ba tare da an yi wa mai kallo sallama ba, sai a zarce cikin jiragen da ba a taɓa ƙerawa ba, har a ƙare da jirgin labarin. An ɗinke gaskiya da ƙage da zare ɗaya, ta yadda yaro ba zai ga inda ɗinkin yake ba.

Tun lokacin da aka fara nuna shirin masu kallo suka lura da giɓin da ke ciki. Mutumin da ya fara zuwa sararin samaniya shi ne Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet, ranar 12 ga Afrilu 1961, kuma ya kewaya duniya. Shepard ya biyo bayansa da mako uku, ya yi minti 15 ya sauko, bai kewaya ba. Amma Shepard aka nuna. Tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik na 1957, shi ma ba a ga ƙeyarsa ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin hotunan, kowanne ya faru. Zaɓe kawai aka yi, mai wuri ya shimfiɗa tabarmarsa yadda yake so.

Abin da ya sa nake ganin wannan mabuɗi ya cancanci malamai su dube shi, shi ne masu shirin da kansu sun tona asirin sana'arsu. A 2005 sun yi wasu kashi biyu da labarin ya koma wata duniya inda 'yan Adam suka zama azzalumai masu daula. Sai suka canza mabuɗin. Jirgin ruwan nan ya dawo yana aman wuta da igwa, jirgin sama yana sakin bama-bamai, ga tankokin yaƙi, ga hayaƙin makamin ƙare-dangi. Waɗannan ma akasarinsu hotunan abin da ya faru ne a duniyar nan tamu. Tarihi ɗaya, jeri biyu. Mu kuwa mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba ma bukatar a ba mu labari, domin jerin biyu duk sun bi ta ƙofar gidanmu, tsakaninsu shekara 48.

Na farkon ya zo a watan Janairu na 1851. Gwamnatin Ingila ce ta turo Turawa uku daga Tarabulus a 1850: James Richardson, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Aikinsu su gano hanyoyi, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su kawo rahoto kan cinikin bayi. Har wani jirgin ruwa suka ɗauko, an rarraba shi gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, aka ratsa Sahara da shi don a sa shi a Tafkin Chadi. Da suka iso Damargu sai suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, ya rasu a hanyar Kukawa cikin watan Maris. Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, a lokacin Tibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji, ba ta wuce shekara 15 da kafuwa ba, tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Barth kuwa, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa ya sauka Gazawa.

Gazawar da ya tarar gari ne mai kafi, a bakin daji, kullum cikin shirin yaƙi, don ita ce ke kan gaba tsakanin Katsinawan da suka yi hijira zuwa Maraɗi da sabbin masu mulkin birnin Katsina. Daga nan zuwa Katsina sai an ratsa dajin da ba mai shiga shi kaɗai, an wuce kufan Dankama, inda sarautar Haɓe ta Katsina ta sha kashinta na ƙarshe a zamanin jihadi. To a nan nake so mai karatu ya tsaya. Yaya baƙon da bai san ko rijiya ɗaya ba ya ratsa wannan daji? Ayarin gishirin Buzayen Kel Owi ya biyo tun daga Abzin, ayarin da ke saukowa duk shekara tun kafin a haifi kakansa. Su suka san zango, su suka san inda ake kwana da inda ba a hura wuta. A littattafan makaranta an ce Barth ya "gano" hanya. Hanyar kuwa takarkarai da jakuna da raƙuma sun riga sun daddale ta.

Ba ina rage masa daraja ba ne. A cikin duk Turawan da suka yi irin wannan yawo, Barth na cikin waɗanda suka fi cancantar a karanta su. Ya koyi Hausa, ya zauna da malamai, ya rubuta sunayen garuruwa da farashin kaya a kasuwa da jerin sarakuna, bai zo da runduna ba. Littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, har gobe masu binciken tarihin Katsina da Gobir ba sa iya tsallake shi. Amma in za a sa hotonsa a jeri, akwai wanda ya kamata ya tsaya kusa da shi.

Sunansa Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wajen Kance, da aka kama aka sayar da shi bawa. Overweg ya fanshe shi a Barno tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, yaran suka koma hannun Barth. Dorugu ya bi shi daga Damagaram zuwa Katsina a farkon 1853, ya bi shi Sakkwato, ya bi shi har Tambutu, suka dawo, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka isa Landan a 1855. Duka-duka bai wuce shekara 16 ba. A Ingila ya zauna da wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, wanda ke rubuta nahawu da ƙamus na Hausa, ya zayyana masa labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da bakinsa, da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A ciki, Bature ne ya zama abin kallo: yadda suke cin abinci, yadda suke sa tufafi, sanyin ƙasarsu. Daga baya Dorugu ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. In dai gano ƙasa shi ne mutum ya je inda mutanensa ba su sani ba ya dawo ya ba su labari, to Dorugu ya gano Ingila. A tambayi ɗalibai goma a kowace lakwal daga Agye zuwa Tibiri, a ga nawa suka taɓa jin sunansa.

Jeri na biyu ya iso a 1899. A takarda shi ma aikin bincike ne: tawagar Faransa ta tsakiyar Afirka, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, da umarnin su bi iyakar da Faransa da Ingila suka zana wa kansu a taswira tun 1890, daga Say zuwa Tafkin Chadi. Taswirorin da masu yawo irin su Barth suka bari na cikin abin da aka shimfiɗa a tebur lokacin wannan rabo. Abin da tawagar ta yi a hanya sananne ne: ƙona garuruwa, kama mutane a ɗaura musu kaya a ka, kashe wanda ya gaza. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, sun yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, suka ci gaba da gabas ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi. Labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ya bi sawunsu ta kan toka da gawawwaki, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki, suka kashe su biyun. Kaburburansu na nan a Maijirgi, a bakin hanyar Damagaram. Sauran rundunar ba ta koma gida ba, ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Shi ya sa in na ga hoton jirgin ruwa yana keta teku ana waƙar jarumtaka, sai in tambayi kaina: a ina ya sauka, kuma su wa ya tarar?

Ko a tarihin tashi sama ma ƙasar Hausa ba 'yar kallo ba ce kawai. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a filin sukuwa na Kano, sun taso daga kusa da Alƙahira ta Sudan da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Duba wannan layi da kyau, hanyar alhazan ƙafa ce aka biyo ta baya, hanyar da kakanninmu ke shafe shekaru a kanta, suna noma a nan suna dako a can, kafin su ga Bahar Maliya. Amelia Earhart ɗin nan ta cikin mabuɗin shirin, a tafiyarta ta ƙarshe a watan Yuni na 1937, ta tashi daga Gao zuwa Fort-Lamy. In ka ɗora ma'auni a taswira tsakanin garuruwan biyu, layin zai wuce arewa kaɗan da Tasawa. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962 kuwa, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbonsa daga ƙasa a Kano take. Nijeriya har kan sarki ta buga da hoton tashar a 1963, shekarar da Shugaba Kennedy ya yi magana da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wayar da ta bi ta tauraron ɗan'adam.

Shawarata ga malaman tarihi, da iyayen da ke zama da yara bayan sallar isha'i, mai sauƙi ce. A nuna musu mabuɗin nan guda biyu a waya, ɗaya bayan ɗaya. Sannan a ce su tsara nasu da hoto goma, na matafiya da masu bincike da suka shafi jihar Maraɗi. Za a sha gardama, kuma gardamar ita ce darasin. Madugun da ke kai ayari Gwanja sayen goro zai shiga? In an sa Barth, za a sa Buzun da ya nuna masa rijiya? Kaburburan Maijirgi fa, a sa su ko a ɓoye, tun da ba abin alfahari ba ne? Wani zai ce a cire Turawa gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba, don in mun yi hakan mun maimaita abin da aka yi wa Gagarin ke nan, kuma ba za a iya ba da labarin Dorugu ba sai da Overweg da Barth.

In da ni ke zaɓen hoto na goma, daga Agye zan ɗauko shi. Tun daga shekarun 1980, bayan farin da ya cinye itatuwa, manoman wannan yanki, irin na ƙauyen Dan Saga, suka koma barin tsiron da ke fitowa daga kututture a gona, suna rage masa rassa suna kiwonsa, abin da ake kira sassabin zamani. Shekaru suka wuce duniya ba ta san girman aikin ba, sai da masu bincike suka ɗora hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da tauraron ɗan'adam a shekarun 1970 kusa da na shekarun 2000. Suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A tsohon hoton gonakin fayau suke, a sabon kuwa ɗigo-ɗigon baƙi sun cika ko'ina, kowane ɗigo gawo ne ko kalgo ko aduwa da wani manomi ya kewaye da haukarsa ya bar shi ya girma.