Kanular da ke janye jini a lokacin tiyatar zuciya

Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa a asibiti ya san kanula, wato 'yar robar nan da ake sa wa mutum a bayan hannu a manne ta da filasta. To tana da wata babbar yaya da ba a ganinta sai a ɗakin tiyatar zuciya. Kaurinta ya kai ɗan yatsan babban mutum, kuma aikinta janye jini daga jiki. Ni a ɗakin tiyata nake aiki, kuma na lura idan likita ya gama yi wa mutanenmu bayani da Turanci kafin a sa hannu a takarda, magana ɗaya ce ke maƙalewa a kunnensu: za a fitar da jini, a tsayar da zuciya. Daga nan hankali ya tashi, wani ma ya ce a ba shi majinyacinsa su koma gida. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana abin da Hausa, daki-daki.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da jiki ya gama amfani da iskarsa yana komawa ɗakin sama na dama ta manyan jijiyoyi biyu. Ta sama tana kawo na kai da hannuwa, ta ƙasa kuma na ciki da ƙafafu, kuma a jikin babba ta ƙasan ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku. Daga ɓangaren dama jinin ya wuce huhu ya sha iska, ya dawo hagu, a tura shi jiki ta babbar jijiyar da likitoci ke kira awota. Likita ba zai iya ɗinke rami ko sauya bawul a cikin zuciyar da ke cike da jini tana bugawa ba. Dabarar ita ce a tare jinin tun a bakin ƙofa, a karkatar da shi zuwa injin da ke yin aikin zuciya da huhu, injin ya sa masa iskar oksijin, ya maido shi ta awota. Kanular da muke magana a kai ita ce mai taren.

A lura da abu biyu. Zuciyar tana nan a ƙirji, ba a ciro ta. Jinin kuma ba juye shi ake yi a ajiye ba, zagayawa yake yi ba tsayawa, lita 4 zuwa 5 a kowane minti ga babban mutum, gwargwadon girman jikinsa.

Yadda ake sa ta

Kafin komai sai an ba majinyaci maganin hana jini daskarewa mai suna hefarin, don jini idan ya taɓa roba gudaji yake yi. Ana auna shi a tabbatar ya kama. Yawancin asibitoci ba sa kunna injin sai gwajin ya nuna jinin ya haura daƙiƙa 400 ko 480 bai daskare ba. Sannan likita ya yi ɗinki mai zagaye a bangon zuciya, irin na zariyar wando, ya huda tsakiya, ya zura kanular, ya ja zaren ya shaƙe ta yadda jini ba zai tsiyayo ta gefe ba. Kanular da ke maido jini ake fara sawa, don ko an yi ɓarin jini wajen sa ta janyewa a sami hanyar mayar da shi nan take.

Idan aikin ba ya buƙatar buɗe ɓangaren dama, kamar gyaran jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ko sauya bawul na awota, kanula ɗaya ta isa. Tana da huji a wuri biyu: bakinta yana shiga babbar jijiyar ƙasa, ramukan tsakiyarta kuma suna zama a ɗakin dama su kwashe abin da ya gangaro daga sama. Idan kuwa za a buɗe ɗakin dama, misali yaron da aka haifa da rami a zuciya, to biyu ake sawa, kowace jijiya da tata, a zagaye jijiyoyin da ɗan tsumma a ɗaure su a jikin kanular. Yawancin masu gyaran bawul na hagu da ciwon sanyin zuciya ya lalata, wato ciwon nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun yarinta, su ma biyun suke sawa. Wanda aka taɓa buɗe wa ƙirji, ko wanda za a yi wa aiki ta ƙaramin yanka, akan bi ta matsematsinsa da doguwar kanula a tura ta har zuciya.

Mene ne ke jan jinin?

Nan ne abin ya fi burge ni. Mutane suna zaton inji ne ke zuƙe jinin da ƙarfi. A yawancin ayyuka gangara ce kawai. Wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo zuwa jarka ya riga ya san ilimin: jarka ta zauna ƙasa da tanki, tiyo ya cika da mai ba iska a ciki, sai ya yi ta zuba da kansa. Haka ake ajiye mazubin jinin ƙasa da gadon tiyata da kamar santimita 40 zuwa 70. Idan jini ya yi jinkiri, wani lokaci ɗaga gadon kawai ake yi ya ƙaru. Sai idan kanular siririya ce ko doguwa, irin ta matsematsi ko ta jarirai, ake ƙara ɗan zuƙo na inji, shi ma da awo, don idan ya yi yawa yana farfasa ƙwayoyin jini, yana kuma jawo iska.

Injin ba shi da jinin kansa. Abin da kanular ta kawo shi zai tura wa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta. Saboda haka mai kula da injin, wanda ƙwararre ne da aka horar kan wannan aiki kaɗai, idonsa ba ya barin mazubin. Idan ya ga jini na ja baya, zai rage gudun famfo ya faɗa wa likita da babbar murya, don idan mazubin ya ƙafe famfo iska zai tura cikin jijiya, wannan kuwa yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Injinan yanzu suna da ƙararrawa da ke tsayar da famfo kafin a kai nan, amma a ganina ba ta kai idon mutum mai natsuwa ba.

Abubuwan da ke rage zubar jinin sanannu ne. Iska ta shiga tiyo ta yanke gangarar, kamar dai a jarkar fetur. Tiyo ya lanƙwashe, ko likita ya ɗaga zuciya don ya kai ga bayanta kanular ta karkace. Jan ya yi yawa bangon jijiya ya manne a bakin ramukan, tiyo ya riƙa karkarwa. Kanular ƙasa takan zarce ta faɗa jijiyar hanta, sai jinin ciki da ƙafafu ya taru. Ta sama idan ta toshe fuska takan kumbura ta yi duhu, jini ya danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa likitan da ke sa barci yake yawan leƙa fuskar majinyaci a ƙarƙashin mayafi. Akwai kuma mutum 3 zuwa 5 cikin 1000 da aka halitta da ƙarin babbar jijiya a hagu, ta fi yawa ga masu ciwon zuciya na haihuwa. Hoton zuciya da ake ɗauka kafin aiki yana taimakawa a gano ta a yi mata tanadi.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Ranar 6 ga Mayu 1953 Dakta John Gibbon ya toshe ramin zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18 da irin wannan inji a Filadelfiya ta Amurka, ta kuma warke. A Najeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, da Farfesa Fabian Udekwu da Magdi Yacoub cikin tawagar. Yau ana yin aikin a Legas da Ibadan da Inugu da wasu garuruwa.

Abin da ya shafi dangi

Idan an gama gyara, zuciya ta koma bugawa, mai injin yana matse tiyon janyewa a hankali, jini ya riƙa komawa zuciya har ta karɓi aikinta gaba ɗaya. Sai a zare kanular, a ja zariyar nan a ƙulle hujin, a ba da firotamin, maganin da ke warware hefarin. Robobin da za ku gani a ƙasan ƙirjin majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman ba su ne kanular ba, na fitar da ruwa da ragowar jini ne, ana cire su bayan 'yan kwanaki.

Kafin aiki, ku gaya wa likita duk tiyatar da aka taɓa yi wa majinyaci a ƙirji ko matsematsi, ko an taɓa samun gudan jini a ƙafarsa, da duk maganin da yake sha, har na gargajiya, kada a ji kunya. Idan an ce ku kawo masu ba da jini, ku kawo da wuri: tiyon injin da ruwa ake fara cika shi, ruwan yana tsarma jini, kuma ƙaramin yaro ba shi da jinin da zai jure wannan sai an ƙara masa. Wanda aka bi ta matsematsinsa kuwa, bayan sallama a riƙa duba wurin. Kumburi mai ƙaruwa, ko ruwa ko mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, duk dalili ne na komawa asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.