Yadda Biskit ɗin Kirsimeti Ya Shigo Madafar Jamusawa

A Jamus, da zarar an shiga makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, waɗanda Kiristoci ke kira Advent, sai gidaje su ɗauki ƙamshin kirfa da man shanu. Iyaye da yara su kewaye tebur, a murza kwaɓi, a yanka shi siffar tauraro ko jinjirin wata, a gasa, a jera a gwangwanaye har ranar biki. Jamusawa da yawa suna ɗaukar wannan aiki gadon kaka da kakanni ne tun fil'azal. Tarihi kuwa ya nuna cewa biskit ɗin ya tsufa, amma gasa shi a gida bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 19, lokacin da sukari ya yi araha, tanderu ya shiga gidan talaka, aka kuma samu hodar da ke sa kwaɓi ya tashi.

Kafin nan aikin na ƙwararru ne. Lebkuchen, wanda shi ne babba a cikin kayan zaƙin Kirsimeti, da zuma ake haɗa shi da kayan yaji irin su kirfa, kanumfari, citta da masoro. Gidajen ibada na masu zuhudun Kirista ne suka raya shi, domin su ke da amya, su ke da kuɗin sayen kayan yajin da fatake ke kawowa daga Gabas. Alamar hakan tana nan har yau: a Nuremberg ana ɗora kwaɓin a kan wani farin faifai siriri na fulawa, irin wanda ake amfani da shi wajen ibada a coci, don kada ya manne wa ƙarfen gashi. Takardun tarihi sun ambaci masu wannan sana'a a Ulm a 1296, a Nuremberg kuma a 1395. Nuremberg ta yi fice ne saboda dajin da ke kewaye da ita cike yake da masu kiwon zuma, waɗanda Sarki Karl na IV ya ba takardar haƙƙi a 1350, sannan tana kan hanyar kayan yajin da ke haurowa daga Venice. A 1487 Sarki Friedrich na III ya raba wa yaran garin kusan 4,000 Lebkuchen mai ɗauke da hotonsa. Abin da sarki zai yi kyauta da shi har a riƙa ba da labari, ba abin da kowace uwa ke toyawa a ɗakinta ba ne. A 1643 masu sana'ar suka samu ƙungiyarsu ta kansu a garin.

Sukari ne ya fara buɗe wa talaka ƙofa. Na rake daga ƙetaren teku yake zuwa, da tsadar gaske. A 1747 Andreas Marggraf ya gano a Berlin cewa akwai sukari a cikin wata saiwa da ake nomawa a Turai mai suna bit, ɗalibinsa Franz Achard kuma ya kafa masana'antar farko ta tace shi a Silesiya a farkon shekarun 1800. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun toshe hanyar teku, sai noman bit ya samu gata, kafin ƙarshen ƙarnin Jamus ta zama ja-gaba wajen samar da wannan sukari. A daidai lokacin murhun ƙarfe rufaffe mai ɗan tanderu a jikinsa ya yaɗu a gidaje, littafin girki na Henriette Davidis da ya fito a 1845 ya shiga hannun matan aure, a 1874 kuma aka koyi haɗa ƙamshin vanilla a ɗakin gwaji. Na ƙarshe shi ne August Oetker, mai shagon magani a Bielefeld, wanda a 1893 ya fara sayar da hodar tashin kwaɓi a 'yan ƙullin da aka auna daidai da rabin kilo na fulawa, da bayanin girki a bayan takardar. Daga nan mace ba ta buƙatar gwanintar mai gidan burodi kafin kwaɓinta ya yi kyau.

Wasu za su ce al'adar ta girmi duk wannan, tunda mutanen Turai sun saba yin abinci na musamman a tsakiyar hunturu tun kafin Kiristanci. Gaskiya ne an yi bukukuwan hunturu, amma babu wata shaida da ta haɗa su kai tsaye da biskit mai sukari da vanilla, kayan da waɗancan mutane ba su ma san su ba. Wasu kuma za su ce, in haka ne, ai kamfanoni ne suka ƙirƙiro al'adar don su sayar da hajarsu. Wannan ma rabin magana ce. Kamfanoni sun ci riba, sun kuma tallata girkin, amma sha'awar ta riga su: ɗaruruwan shekaru talakawa suna kallon wannan zaƙi a hannun masu hali. Abin da masana'anta ta yi shi ne rage farashi.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da ke faruwa yanzu. Tun watan Satumba manyan shaguna a Jamus ke cika da Lebkuchen da wani biskit mai suna Spekulatius masu araha, duk da haka mutane ba su daina gasa nasu ba. Mai yin biskit ɗin da ake kira Springerle har yau yana danna kwaɓin a kan katako mai zane, ya bar shi ya kwana ya bushe don kada zanen ya ɓace a wuta. Da kuɗi ko sauƙi ake nema, da tuni an bar wannan wahala. Zaman tare da koya wa yaro girkin kakarsa shi ne ribar. Al'ada takan yi gindi ne a ranar da talaka ya iya yin ta da hannunsa, a cikin gidansa, tare da iyalinsa.