VPN: wa kake damƙa wa sirrin wayarka?

Da yawanmu, daga Kwoi da Kafanchan har zuwa Agege, Sabo na Ibadan da Lokpanta, mun fara jin sunan VPN ne lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Haramcin ya fara aiki ranar 5 ga Yuni 2021, aka ɗage shi ranar 13 ga Janairu 2022. A tsakanin nan kowa ya sauke wanda ya samu, kuma har yau wasu na nan a wayoyin da muke karɓar kuɗin shanu da na citta.

Yadda yake aiki

Idan ka kunna VPN, wayarka tana kulle bayananka ta aika su zuwa wata kwamfuta ta kamfanin, galibi a wata ƙasa, daga can su wuce inda ka nufa. MTN ko Airtel za su ga ka haɗu da VPN, amma ba za su ga shafin da ka shiga ba. Shi ma shafin adireshin kamfanin zai gani.

Ni da na tashi a gidan fataucin shanu, abin ya yi mini kama da maigida a kasuwar kudu. Baƙo ya sauke dabbobinsa, maigida ne ya san adadinsu, ya san mai saye, ya san kuɗin. Kun ga ke nan sirrin ya koma hannun mutum ɗaya. To, maigida dai an san gidansa da asalinsa. Kamfanin VPN fa?

Inda aka ci amana

A 2016 masu bincike na hukumar CSIRO ta Ostareliya da abokan aikinsu sun duba manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 38 cikin ɗari suna ɗauke da alamun mugunyar manhaja, kashi 18 kuma ba sa kulle bayanan ma sam.

A 2015 an gano Hola tana sayar da intanet ɗin masu amfani da ita kyauta, wato wani na iya bi ta layinka ya yi abin da ya ga dama. Onavo kuwa ta Facebook ce, da ita kamfanin ya riƙa leƙen manhajojin da mutane ke amfani da su. An cire ta daga shagon Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. A 2020 bayanan masu amfani da UFO VPN sun fito fili a intanet, alhali kamfanin na cewa ba ya ajiye komai.

Akwai kuma wanda ya tsallake jarrabawa. A Afrilu 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar bincike, suka tafi ba su samu bayanan abokan ciniki ba.

Abin da ba zai yi maka ba

VPN ba ya kawo sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a farkon Satumba 2021, da wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen watan, babu VPN ɗin da ya yi amfani, domin sai da intanet yake tafiya. Ba ya hana ɗan damfara ya yaudare ka ka ba shi lambar sirrin banki. Idan kuma ka shiga Facebook da sunanka, Facebook ya san kai ne.

Kafin ka sauke

Na farko, ka nemi sanin mai kamfanin da ƙasar da yake. Sunaye daban-daban kan zama na gida ɗaya: Kape Technologies ce ke da CyberGhost da Private Internet Access, ta kuma sayi ExpressVPN a 2021. Dokar ƙasa ma tana da tasiri. Da Indiya ta umarci kamfanonin VPN su riƙa ajiye bayanan mutane na shekara 5 a 2022, wasunsu sun kwashe kwamfutocinsu daga ƙasar.

Na biyu, na kyauta ka tambayi da me yake ciyar da kansa. In ba ya sayar da wani tsari na kuɗi, talla ce ko bayananka.

Na uku, in ya nemi izinin shiga lambobin wayarka, saƙonni ko hotuna, goge shi. Kada ka karɓi wanda aka turo ta WhatsApp ko Xender.

Na huɗu, in za ka buɗe manhajar banki da datar layinka, kashe VPN tukuna.

Najeriya tana da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar NDPC mai karɓar ƙorafi, sai dai kamfanin da ba shi da ofis a nan da wuya a kamo shi. Saboda haka wanda ya daɗe a wayarka ba ka amfani da shi, cire shi yau.