Dorugu, ɗan Damagaram da aka rubuta Hausa daga bakinsa

A watan Disamba na 1852 ayarin wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Gure, fadar Muniyoma, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Cikin ayarin akwai wani yaro Bahaushe mai kimanin shekara 12, sunansa Dorugu. Makon jiya na tambayi ɗalibaina a nan Gamu ko akwai wanda ya taɓa jin sunan nan. Babu ko ɗaya. Ban ga laifinsu ba, don ni ma sai bayan na gama makarantar horon malamai na san labarinsa.

An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance. Yana ƙarami aka kama shi a wani hari, aka sayar da shi bawa, har ya tsinci kansa a Kukawa. Can ne Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai Dorugu da wani yaro Margi mai suna Abbega suka bi Barth. Da su aka je Tumbutu aka dawo, aka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, aka isa Landan a 1855.

A Ingila Dorugu ya zauna hannun wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa. Yaron yana faɗa, Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, da kalmomin yau da kullum. Wannan zama ya taimaki Schön wajen fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ke bangon littattafan. Dorugu kuwa ya komo ƙasar Hausa, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912.

Ba mu kaɗai abin ya faru da mu ba. Khwe wata ƙaramar al'umma ce a arewa maso gabashin Namibiya. Daga 1959 zuwa 1992 wani masani Bajamushe, Oswin Köhler, ya yi ta zuwa wurinsu yana ɗaukar muryoyi da hotuna, yana tattara labarai, kayan aiki da ganyayen magani. Yau wannan taska tana jami'ar Frankfurt, jikokin waɗanda suka yi maganar kuma suna gida.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba don Schön ya riƙe alƙalami ba, da muryar Dorugu ta ɓace kamar ta dubban bayin da aka kora tare da shi. Wanda ya rubuta shi ke ajiyewa, kuma sunansa ake tunawa. Tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ake kira CELHTO, amma ba za ta iya shiga kowane ƙauye ba.

To, malamai ƴan uwana da iyaye, mu ne a ƙauyen. Wayar da ke aljihunmu tana ɗaukar murya. Tsofaffin da suka san yadda ake dafa manda a ƙasar Manga, da waƙoƙin daka, da sunayen rijiyoyi, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kakata ta tafi da tatsuniyoyinta na Manganci, ban ɗauki ko guda ba, har yau abin yana damuna.

Mu tura yara wurin kakanninsu da izininsu, su ɗauko magana cikin Hausa, Barbarci ko Fillanci. A rubuta sunan mai maganar da farko, sannan garinsa da ranar da aka ɗauka. A bar kwafi ɗaya a lakwal, ɗaya a gidan da maganar ta fito. Ni na fara da ajina ranar Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu.